Yadda sashenmu ya zaɓi Magarya da Dungas

Har ƙarshen shekarun 2000, yaron da ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare a Magarya, in yana son jami'a, kusan hanya biyu ce kawai a gabansa. Ko dai ya ɗaure kayansa ya yi tafiyar da ta kusa kilomita 1,000 zuwa Yamai, inda jami'ar ƙasa take tun farkon shekarun 1970, ko kuwa ya ƙetara ta Tinkim da Babura ya nemi gurbi a Kano ko Zariya, in aljihun ubansa ya yarda kuma bakinsa ya iya Ingilishi. Ni ta Yamai na bi. A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha a Maraɗi da Tawa da Damagaram, sannan a 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Janar Salou Djibo, aka kafa cikakkun jami'o'i uku a kan harsashinsu. Ta Damagaram ita ce daga baya aka sa wa sunan André Salifou, masanin tarihin nan ɗan garin, wanda ya rubuta littafi kan daular Damagaram ta ƙarni na 19, ya kuma jagoranci babban taron ƙasa na 1991.

Mu da muka dawo gida koyarwa a waɗannan shekaru mun tarar da aiki ya fi hannu yawa. Ga ɗalibai suna ƙaruwa kowace shekara, ga sabon tsarin karatu na lisans da masta da dokta, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Bologna ta 1999, ƙasashenmu masu amfani da Faransanci kuma suka rungume shi. Shekarar karatu ta rabu zango biyu, kowane zango da makinsa 30, lisans ba ta cika sai da 180. Kowane darasi sai an sake masa fasali, an rubuta sa'o'insa da abin da ake son ɗalibi ya iya bayan ya gama. A sashenmu, mai koyar da ilimin ƙasa da tsara karkara, tunanin kowa bai wuce jarrabawar da ke tafe ba. In ka tambayi malami inda sashen zai kasance nan da shekara biyar, sai ya nuna maka tulin takardun da bai gyara ba.

Daidai lokacin da gwamnati ke shirya tsarinta na raya tattalin arziki da jama'a na 2017 zuwa 2021, sai maganar tsarin dogon zango ta sauko har kanmu: kowane sashe ya rubuta inda ya dosa cikin shekara biyar. Aka kawo mana wani ƙwararre mai yawon horar da ma'aikatu. Ya zana akwati huɗu a allo, ƙarfinmu, rauninmu, damar da ke gabanmu, da abin da ke yi mana barazana, ya raba mana ƙananan katuna masu launi, ya ce kowa ya rubuta nasa ya manna. Kafin azahar bango ya cika. Ɗakin gwaje-gwaje, motar fita aiki, kwamfutoci masu zana taswira, mujallar sashe, masta iri uku, makarantar dokta, taron ƙasa da ƙasa duk shekara biyu. Babu wanda ya rubuta abin banza, kuma babu katin da ya faɗi inda kuɗinsa zai fito.

Dattijon sashenmu, wanda ya koyar da rabinmu tun a Yamai, yana zaune a baya bai manna komai ba. Da aka matsa masa, ya gyara tabarau ya dubi bangon ya ce, "Malamai, wannan ai kayan lefe kuka jera, alhali ango bai da ko akuya. Ku faɗa mini abu ɗaya da za mu yi ko ba a ba mu dala ba, sannan ku faɗa mini abin da za mu bari saboda shi." Aka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri, domin kowa ya san inda maganar ta nufa.

Kowannenmu da gonarsa ya dawo. Wani ya yi doktansa kan Tafkin Chadi, wani kan garuruwan ma'adinai na Arlit, wata kan unguwannin bayan gari a Yamai, wani kan makiyayan Tanut. Ƙarin girma kuma ba a sashe ake yanke shi ba. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 take da mazauni a Wagadugu, ita ke duba rubuce-rubucen malami ta ce ya isa hawa mataki na gaba ko bai isa ba. Don haka ce wa saurayin malami ya rage zuwa inda ya saba samun abin rubutu, tamkar taɓa masa tuwo ne. Duk da haka, shawarar da ta fito daga maganar dattijon ita ce sashen ya zaɓi yanki ɗaya na kusa, kowa ya ba shi wani kaso na lokacinsa, ɗalibai su riƙa komawa can shekara bayan shekara, har abin da aka tara ya zama na sashe, ya daina bin malami in ya tashi.

Ni na kawo sunan Magarya da Dungas, kuma ban kawo shi hannu rabbana ba. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Magarya mutum sama da 570,000, ta ba Dungas, wadda aka cire daga jikin Magarya a 2011, sama da 350,000. Wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar Damagaram suna zaune a wannan ɗan zirin kudu, inda gonaki suka ƙanƙance saboda rabon gado har babu sauran saura. Nan ne ƙasar Sosebaki ta dā, da tsofaffin sarautu irin na Dungas da Washa, da Magarya mai alaƙar jini da Daura. Nan fadamun Korama suke, inda ruwa ke kusa, ake noman rake da rogo da kayan garka. Nan ne kuma masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij suka nuna wa duniya cewa manoman Magarya da Matamai da Mirya sun maido da gawo a gonakin da suka kai wajen hekta miliyan ɗaya, ba tare da dashe ba, ta hanyar ƙyale tohon da ya fito da kansa da yi masa aski. Ga iyaka, inda naira ke yawo a kasuwa kamar sefa, dabbobin Dungas kuma ke gangarawa Maigatari ran Alhamis. Faɗuwar naira a 2016 ta karya farashin dabbobi a yankin, kowa ya gani da idonsa. Ga yunwar yara da zazzaɓin damina, waɗanda suka zaunar da ƙungiyar likitocin MSF a Magarya tun 2005. Daga Damagaram zuwa Magarya kuwa bai cika kilomita 100 ba.

Ban rufe baki ba wani abokin aiki ya ce, "Dakta, ka faɗi gaskiya mana, so kake mu riƙa raka ka gaida Inna." Wata ta ce rabin jihar makiyaya ce da hamada, wa zai duba su? Shugaban sashe bai goyi bayan kowa ba. Cewa ya yi ba za a rubuta sunan gari a takarda ba sai an je an tambayi masu garin ko suna so. Aka haɗa ƙaramar tawaga, aka sa mai tsokanar tawa a cikinta da gangan.

Mun fara da ofishin wata ƙaramar hukuma a gundumar Dungas. Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, kowace ɗaya tana da nata kundin tsarin raya ƙasa, don haka mun zaci za mu sami abokan hira da suka san zancen. Sakataren ofishin, mutum mai fara'a, ya saurare mu har muka gama, sannan ya tashi ya buɗe wani kabad na ƙarfe. Kundaye ne a jere, wasu gara ta fara taɓa gefensu. Ya ce, "Malamai, tsari ba baƙonmu ba ne, ga su nan. Abin da ba mu da shi shi ne lissafin da za mu dogara da shi. In aka tambaye ni rijiya nawa ke ƙafewa a watan Mayu, sai in kira masu gari ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da yake ganin zai jawo masa famfo. Ɗalibai kuwa duk shekara suna zuwa da takardun tambayoyi daga makarantu iri-iri. Mu sa musu hatimi, mu haɗa su da mai rakiya, su tafi. Har yau ban ga shafi ɗaya na abin da suka rubuta ba."

A ƙauyen da aka kai mu, mai gari ya sa aka yi shimfiɗa a ƙofar gidansa bayan la'asar. Muka cire takalma, muka yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini ne, muna so yaranmu su riƙa zuwa koyon aiki a ƙasarka." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, masu awo ba su taɓa yanke mana ba. An auna rijiya, an auna gona, an auna hannun yara. Wanda zai dawo ya ce ga abin da na gani, shi muke jira." Daga nan maganar ta fita daga hannunmu. Wani magidanci ya ce in za mu zo kada mu zo lokacin noman fari, babu mai ajiye hauya ya amsa tambaya. Kada kuma mu bari rani ya yi nisa, domin samari sun watse ci-rani Kano da Legas da Agadas, wasu har Libiya. Tsakanin ɗaure dammuna da tafiyar samari, nan ne gari yake cike.

Wata tsohuwa da ke zaune can gefe tare da mata ta ɗaga murya ta tambayi da wane lokaci muke auna ruwa. Na ce, "Inna, duk lokacin da mota ta iso da mu." Ta ce, "To ƙarya kuke aunawa. In hantsi ya yi mun riga mun janye rabinsa. Mai son ya san gaskiyar rijiya ya zo kafin gugan farko ya faɗa." Washegari da asuba muka bi ta. Ɗalibinmu ya zura ma'auni mai ɗan ƙarfe a baki, wanda ke yin ƙara in ya taɓa ruwa, ya karanta ya rubuta. Ita kuma ta kama igiyar gugarta ta ƙirga gaba-gaba a ƙirjinta, ta nuna masa ƙullin da take kaiwa da kaka da wanda take kaiwa da bazara. Da rana ta ɗaga muka sake aunawa, ruwan ya yi ƙasa sosai. Abokin aikin nan mai tsokana ya tsuguna ya yi alama a bakin sumuntin rijiyar, ya ce daga nan za a riƙa ɗora ma'auni ko bayan ranmu.

Wajen itatuwa ma sai da aka gyara mana hanya. Mun zo da fenti don mu sa wa kowane gawo lamba, mu riƙa auna kaurinsa daidai ƙirji duk shekara. Mai gonar ya tare gaban gwangwanin ya ce, "Malam, auna duk wanda kake so, amma kada ka shafa. Itacen da hukuma ta shafa wa fenti ya tashi daga nawa." Ba tsoron banza ba ne. Mutanen shekarunsa sun ga zamanin da ake ɗaukar itacen gona a matsayin na gwamnati, ma'aikacin gandun daji ya ci mutum tara don ya sare reshe a gonar ubansa. Sai da wannan riƙo ya sassauta daga shekarun 1980, dokar karkara ta 1993 da ta gandun daji ta 2004 suka biyo baya, sannan manomi ya fara ganin toho a matsayin dukiyarsa. Muka mai da fenti mota. Shi da ɗalibin suka zagaye gonar suka zana taswira da hannu, kowane itace da matsayinsa, yana faɗa masa wanda ya gada da wanda ya raina da kansa. Ya nuna mana yadda gero ke yin kauri a gindin gawo, tun da itacen yana kaɗe ganyensa da damina, ya kuma ce ƴaƴansa ne ke riƙe masa tumaki in ciyawa ta ƙare.

Da muka koma, rubutun bai yi wuya ba, yankewar ce ta sha gardama. Muka raba takardar gida biyu. Kashi na farko ya ƙunshi abin da muka yi alkawarin yi da abin da ke hannunmu. Za a zaɓi ƙauyuka ƙalilan a jere, daga wajen Bande da Washa zuwa Dungas har kusa da iyaka. A kowane ɗaya, rijiyoyi da gonaki da kasuwa guda ba za su canja ba, za a auna su a ƙarshen bazara da bayan kaka. Duk ɗalibin da ya yi kundin kammala karatu a yankin ba za a sa masa hannu na ƙarshe ba sai ya koma ya yi bayani da Hausa a gaban waɗanda ya tambaya, ya kuma ajiye taƙaitawa ta shafi biyu a ofishin ƙaramar hukuma. Alƙaluman da aka tara na sashe ne, ana ajiye su a babban littafi da kuma kwamfuta, duk wanda ya yi rubutu da su ya sa sunan ɗalibin da ya tashi da asuba ya auno. Kowane layi a wannan kashi yana da sunan malamin da zai ɗauka da watan da zai yi. Layin da babu wanda ya yarda a sa sunansa a gabansa, sai a soke shi, ko da kowa ya ce yana da kyau. Haka mujallar sashe ta tafi, haka masta biyu cikin uku suka tafi.

Kashi na biyu muka sa masa kan magana "in hali ya yi". Nan mota da ɗakin gwaji da taron ƙasa da ƙasa suka koma. Ƙwararren da ya horar da mu ya so a haɗe su wuri ɗaya, ya ce masu ba da tallafi sun fi son takarda mai buri. Dattijo ya ce a ba su kashi na biyu su karanta, na farko namu ne.

Abin da babu wanda ya manna a akwatin barazana shi ne ya yi ta zuwa bi da bi. Daminar 2018 ta zo da zazzaɓi mai tsanani. MSF ta sanar cewa a watan Agusta yara wajen 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin Magarya, inda aka kwantar da sama da 700 a lokaci guda. Ɗalibanmu ƴan yankin sun dawo hutu, wasu sun binne ƙanne. Wata daga cikinsu ta ajiye batun da aka ba ta na kasuwar rake, ta ce ita tafkunan da ke kwana a bayan gidaje take son ta zana, da nisan kowane ƙauye daga gidan likita in hanya ta cika da ruwa. Batun ba ya cikin tsarinmu, amma ƙauyukan suna ciki, mutanen sun san mu, taswira tana nan. Aka ba ta dama, aikinta kuma ya zama na farko da wani magajin gari ya aiko a ƙara masa kwafi.

Daga ƙarshen 2018 zuwa cikin 2019 ƙungiyar malaman jami'o'i ta SNECS ta yi ta yajin aiki kan ko zaɓen shugabannin jami'a za a riƙa yi ko naɗa su. Zangunan karatu suka hau kan juna a faɗin ƙasa, duk jadawalin da muka ɗaura a kan zango ya wargaje. Awon rijiya bai tsaya ba, domin da bazara da kaka muka ɗaura shi, su kuwa ba sa yajin aiki. Ɗaliban da rufe aji ya mayar gida suka ari ma'auni, suka hau kabu-kabu ko amalanke, suka turo lambobi ta waya. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Mai binciken garuruwan Arlit, wanda da farko ya fi kowa gunaguni, ya tarar yana da farashin tiyar gero da wake da na akuya a kasuwanni guda tun kafin rufewar, abin da mai zuwa daga baya ba zai taɓa samu ba. A Maris 2020 cutar korona ta rufe makarantu. Daminar wannan shekara ta zo da ruwa mai yawa, littafinmu ya nuna rijiyoyin fadama sun taso, wasu garake ruwa ya kwanta a cikinsu har ya hana aiki, alhali na kan tudu ba su motsa sosai ba. A shekarar ce kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan rainon toho a gonaki, ɗalibanmu suka karanta wa manoma abin da ta ƙunsa a zaman mayar da bayani.

Kashi na biyu kuwa ya sha jira. Wata ƙungiyar waje ta nuna sha'awar ba mu mota da kayan gwajin ruwa, magana ta yi nisa har an fara cike takardu. Sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya zo, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, masu tallafi da yawa suka naɗe tabarmarsu. Maganar mota ta bi ruwa. A watannin nan na duhu, da kwamfuta ta zama sai an yi sa'a, babban littafin nan mai bangon kwali shi ya riƙe aikin.

Zaɓin yana da tsadarsa, kuma wasu sun biya fiye da wasu. Malamar da ta yi magana kan makiyaya ba ta yi kuskure ba: ɗalibai ƴan Tanut da Gure da Tesker sun yi ta cewa sashen ya zama na manoman kudu, rijiyoyin makiyaya da burtaloli ba su da mai duba su. Mai binciken Tafkin Chadi ya ga lokacinsa ya rabu biyu, ƙarin girmansa ya yi jinkiri, daga baya ya nemi canjin wurin aiki. Mun rabu lafiya, amma mun yi rashin gwani. An yi saɓani kan wanda zai fara buga rubutu da alƙaluman gama-gari, har sai da aka zauna aka shata layi. A ƙauyuka ma ba kullum ake tafa mana ba. Wani ɗalibi ya faɗi a bainar jama'a cewa gonakin da mata ke nomawa sun fi raguwa, wani dattijo ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Wani wurin kuma aka ce mana, shekara nawa kuna awo, ina famfon? Amsar da muke da ita ɗaya ce: mu ba mu haƙa rijiya, amma takardar da magajin gari zai nemi famfo da ita, in ya so, ga ta. Wasu sun karɓi wannan amsa, wasu ba su karɓa ba.

Da wa'adin shekara biyar ya cika aka zo bitar abin da aka yi, mai bitar ya bi layi-layi yana sa launi: kore ga abin da ya tabbata, ja ga wanda bai tabbata ba. Kashi na biyu ya yi ja kusan duka, ya girgiza kai. Kashi na farko kore ne, in ban da taƙaitawar Hausa da wasu ɗalibai suka yi ta ja da baya a kanta, domin mutum ya yi shekaru yana tunani da Faransanci, ranar da aka ce ya bayyana wa kakarsa abin da ya gano sai gumi ya karyo masa. Wannan gumin yana cikin abin da na fi alfahari da shi a tsarin gaba ɗaya. Ɗalibin da ya iya tsayawa gaban mai gari da matan da ke jan ruwa ya kare lissafinsa, masu jarrabawa ba sa ba shi tsoro. Da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, mu mun riga mun ɗanɗana nauyin wannan aiki a ƙofar gidajen masu gari.

Abin da na ɗauka daga waɗannan shekaru shi ne, ƙaramin sashe a ƙasa irin tamu ba shi da iko kan kasafin kuɗi, ko iyaka, ko ranar buɗe makaranta, ko zuciyar mai tallafi. Yana da iko kan inda zai tura ɗalibansa, da watan da za su je, da wanda zai raka su, da ko za su koma su faɗi abin da suka gani. Duk abin da muka gina a kan waɗannan huɗun ya tsallake yajin aiki da annoba da takunkumi. Abin da muka rataya a wuyan wani kuwa yana nan inda muka bar shi.

Yanzu ana kan muhawarar tsari na gaba, kuma babbar maganar ita ce a buɗe layi na biyu zuwa arewa, wajen Tanut, don a biya bashin makiyaya. Ina goyon baya. Dattijonmu ya yi ritaya, amma ƙa'idarsa tana aiki: malamar da ta fara ɗaga maganar ta yarda a sa sunanta, wani saurayin malami ya yarda ya bi ta, sun ce lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin rijiyoyi da rani za su riƙa zuwa. Saura a faɗi abin da za a rage a kudu domin hannu ya isa, kuma a kan wannan har yanzu ba mu daidaita ba.